Alhassan Ɗantata, Marayan Bebeji da Ya Gina Dalar Gyaɗa

 A wannan fili da muka saba kawo tarihin mutanen da suka riga mu wucewa, yau za mu duba rayuwar wani ɗan kasuwa da iyalinsa, wato Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a shekara ta 1955.

A nan ƙasarmu ta Batsari da Safana, duk wanda ya taɓa zaman hira da tsofaffi lokacin kaka ya ji labarin zamanin gyaɗa. Sukan faɗi yadda ake tashi tun da asuba a ɗora wa jakuna buhuna a nufi wurin sikeli, da yadda kuɗin gyaɗa ke biyan haraji, ya yi wa saurayi aure, ya sayi tufafin shekara. In hirar ta yi nisa kuwa, sai sunan mutum ɗaya ya fito, Ɗantata. Yawancin kakanninmu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma sun san sunansa kamar na maƙwabci. Alhassan Musulmi ne, a cikin addininsa ya rayu, a ciki kuma ya rasu. Gyaɗar da ta bi ta hannunsa kuwa daga gonakin kowa da kowa ta fito, saboda haka labarinsa ya shafe mu duka.

Asalinsa da gidan da ya fito

An haifi Alhassan a shekara ta 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Iyayensa Agalawa ne, wato wata zuriya ta fatake waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen ƙasar Azbin suka zauna a ƙasar Hausa, suka zama Hausawa, suka kuma yi suna wajen fataucin goro. Gidansu yana da alaƙa da ƙasarmu, gama kakansa, wanda ake kira Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya tashi da iyalinsa ya koma Madobi ta ƙasar Kano. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, shi ne ya koma Bebeji da zama, domin garin yana kan hanyar ayarin da ke zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu bayyana yadda fataucin wancan zamani yake, domin a cikinsa ne aka horar da yaron. Fatake sukan taru su yi ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, su ɗauki kanwa, da baƙin rini na Kano, da kayan fata, da busasshiyar albasa, su nufi yamma da kudu har kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, wadda take cikin Ghana ta yanzu. A can suke sayen goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Tafiya da dawowa takan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu shi ne uban tafiya. Shi ya san zango, shi ya san mashigin kogi, shi yake shiryawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan abin da za a biya. Goro kuma kaya ne mai wuyar sha'ani. Dole a naɗe shi cikin ganye, a riƙa kwance huhun ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba ɗaya ya ɓata sauran. Wanda ya tashi cikin wannan sana'a yakan koyi haƙuri, da lissafi, da sanin mutanen da za a iya ba amana.

Maraici

Wajen shekara ta 1885 Abdullahi ya rasu, Alhassan yana da kimanin shekara takwas. Da aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa kuwa ta tashi ta koma birnin Akra na bakin teku, wanda fatake suke kira Ankara, inda take da harkar ciniki. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, mai suna Tata.

Wannan tsohuwa ita ta rene shi. Ita ta ciyar da shi, ita ta tsawata masa, har mutanen gari suka daina kiransa da sunan ubansa madugu, suka koma kiransa ɗan Tata. Sunan nan ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa da jikokinsa. Ya yi karatun allo a Bebeji, ya sha wahala irin ta almajiri, yana aikin ƙarfi domin ya sami abin sakawa a baki. Tun a lokacin ya koyi adana ɗan abin da ya samu a cikin asusu, yana kuma sayen ƙananan kaya yana sayarwa.

Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya yi tafiyar nan mai nisa a ƙasa har ya isa Akra. Wanda ya san zuciyar yaro ya san abin da yake sa rai, wato ya huta a gidan uwa mai arziki. Amma Amarya ba ta ajiye shi a gida ba. Ta kai shi wurin wani malami ta bar shi can, ya ci gaba da karatu da neman abincinsa da kansa. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji. Bai komo da dukiya ba, amma ya komo da sanin hanya, ya kuma ga teku da jiragen ruwa da kantunan Turawa, abin da yawancin tsararrakinsa ba su taɓa gani ba.

Bai daɗe da komowa ba sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a shekara ta 1893, tsakanin mutanen Sarki Tukur da mutanen Yusufu. Yaƙin ya ci garuruwa da yawa, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa aka mai da su bayi. A ƙarshe Tukur ya gudu zuwa ƙasar Katsina, aka kashe shi a 1895, Aliyu Babba ya tabbata a sarautar Kano. Alhassan da wasu 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama a wannan rikici, sai daga baya suka sami fansar kansu. Ashe mutumin da zai zama attajirin attajirai ya ɗanɗana maraici, da bara, da bauta, tun bai cika shekara ashirin ba.

Goro ta hanyar teku

Bayan ƙura ta lafa ya koma fatauci. A cikin waɗannan shekaru ne duniyar da ya sani ta juya. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, Katsina ma ta shiga hannunsu a shekarar. A kudu kuwa layin dogo ya riga ya taso daga Legas ya iso Ibadan a 1901, jiragen ruwa masu tafiya da tururi suna kai da kawowa tsakanin Legas da Akra da Sekondi, wani layin dogon kuma ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903.

Fatake da yawa sun ci gaba da bin tsohuwar hanyar jakuna, gama ita suka gada. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa hanyar ta canja. Wajen 1906 ya fara gangarawa da kayansa Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa garuruwan bakin teku na ƙasar da ake kira Gwal Kwas a lokacin, ya sayo goro, ya komo ta teku. Tafiyar da take cin shekara ta zama ta 'yan makonni, goro yana isowa da ɗanyensa, jari kuma yana juyawa sau da yawa a shekara guda. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado na mata da yadin Turawa. Da jarinsa ya yi ƙarfi sai ya baro Bebeji ya koma birnin Kano, ya kafa gida a unguwar Sarari.

Jirgin ƙasa ya iso Kano

A shekara ta 1911 layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Domin mu gane abin da ya biyo baya, sai mu leƙa ƙasar Turai kaɗan. A can masana'antu sun yawaita, mutane sun bar ƙauyuka sun cika birane suna aiki a gidajen injuna. Waɗannan ma'aikata suna bukatar sabulu, suna kuma bukatar mai mai araha da za su shafa wa burodi, domin man shanu ya fi ƙarfinsu. A farkon shekarun 1900 masana suka gano dabarar daskarar da man tsirrai ya yi kauri kamar man shanu, abin da ake kira majarin. Nan da nan man gyaɗa ya yi daraja a Ingila da Faransa da Jamus da Holan.

Abin mamaki shi ne, Turawan da suka shimfiɗa layin ba gyaɗa suka sa a gaba ba. Auduga suke so domin masaƙun Lankasha ta Ingila, har sun kafa ƙungiya tun 1902 domin bunƙasa nomanta. Amma manomin ƙasar Hausa ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature. Gyaɗa kuwa tana son ƙasar jigawa irin tamu, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, ba ta gajiyar da gona, in kuma shekara ta yi wuya ana iya cinta, ba kamar auduga ba. Daɗin daɗawa, Turawa sun kawar da kuɗin wuri, sun ce a biya haraji da sule da kwabo, saboda haka kowane magidanci yana bukatar abin da zai sayar ya sami tsabar kuɗi. Sai manoma suka rungumi gyaɗa. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa wurin zuba buhuna. Ko babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ba ta kashe wannan ciniki ba, sai dai ta dakatar da shi na ɗan lokaci.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su jin Hausa sosai, ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda zai riƙe amana da wanda zai gudu da kuɗi ba. Dole suka nemi fataken goro, waɗanda suka riga suka mallaki yara da abokan ciniki a ko'ina. Manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara shiga. A 1918 Alhassan ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, kamfanin da daga baya, a 1929, aka haɗa shi da wani ya zama U.A.C.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kamfani yakan ba attajiri kuɗi da kaya tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu cikin ƙauyuka da kasuwanni, su kafa sikeli, su ma su ba nasu ƙananan yara. Da kaka ta yi sai gyaɗa ta riƙa hawowa daga hannu zuwa hannu, a kan jaki da raƙumi da takarkari, har ta isa tasha. Kuɗi mai yawa yana yawo a daji a hannun mutanen da ba su sa hannu a wata takarda ba. Abin da ya riƙe ginin duka shi ne amana. A nan ne horon da Alhassan ya sha ya yi masa rana. Ya san zaɓen mutane, yana bin lissafinsa da kansa, yana cika alkawarin da ya yi wa kamfani a kan lokaci, yaransa kuma sun san cewa wanda ya riƙe gaskiya za a ƙara masa jari. Kafin 1922 ya riga ya wuce dukan attajiran Kano. A 1929, sa'ad da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya bazu ko'ina shi ne Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar, irin tafiyar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi a 1921. Ya ga ƙasar da gyaɗarsa take zuwa da idonsa.

Abin da manomi ya gani

'Yan'uwa, ba za mu yi adalci ba in muka ba da labarin daga gefen attajiri kaɗai, alhali kuwa kakanninmu suna ɗaya gefen sikelin. Wannan ciniki ya iso ƙasar Katsina da wuri, ya kuma ƙara ƙarfi da layin dogo ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, motocin lori kuma suka fara shiga garuruwa. Ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu ma ba a bar su a baya ba.

Gyaɗa ta kawo kuɗi, wannan gaskiya ne. Ta kawo fitilar kananzir, da kwanon sha, da keke, da yadi mai araha. Amma aikinta mai nauyi ne, kuma rabinsa a wuyan mata yake. Su ne suke tsinke ta daga jikin harawa, su ɓare ta a turmi da hannu kafin injin ɓara ya zo, su sheƙe ta, su kuma soya ta su matse mai su yi ƙuliƙuli da wadda ta rage a gida. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a littafin kamfani ba.

Akwai kuma bashi. Magidancin da hatsinsa ya ƙare da damina yakan karɓi kuɗi ko hatsi a hannun mai saye, da sharaɗin zai biya da gyaɗa in kaka ta yi, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Wanda ya shiga wannan rami sau ɗaya yakan daɗe bai fita ba. Wasu masu sikeli kuma ba su da tsoron Allah, sukan danne awo su cuci wanda bai iya karanta lamba ba. A farkon shekarun 1930, sa'ad da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Magidanta da yawa suka sayar da hatsin ci da dabbobi domin su biya, wasu samari suka tafi cin rani. Mutumin Batsari da bai taɓa ganin teku ba ya zama abincin gidansa yana rataye da farashin da ake yankewa a Landan da Libaful.

Ba mu ɗora wa mutum ɗaya laifin wannan tsari ba, gama shi kansa Ɗantata a ƙarƙashin kamfanin Turawa yake, su suke yanka farashi, su suke da jiragen ruwa. Amma ya kamata duk wanda ya ji labarin raƙuman nan 20 ya tuna daga inda azurfar ta fito.

Dalar gyaɗa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe ikon sayen gyaɗa, daga baya kuma a 1949 ta kafa hukumar ciniki ta gyaɗa. Hukumar ita take yanka farashi kowace shekara, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Sai wanda ta ba lasisi ne yake da ikon sayar mata kai tsaye, kuma shekara da shekaru kamfanonin baƙi ne suke riƙe da lasisin. Sai a farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa, ya tsaya da ƙafarsa bayan ya yi fiye da shekara 30 yana saya wa wasu.

A waɗannan shekaru noma ya yi yawa har jirgin ƙasa ya kasa kwashewa. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ana ɗora wani bisa wani, gindi da faɗi, sama da tsini, a rufe da tamfol saboda ruwa da ƙwari. Dala ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000. Sunan Ɗantata ne aka fi haɗawa da wannan dabara, hoton dalar kuma ya zama alamar arzikin Arewa. Leburorin da suka hau da buhu a ka har ƙololuwa, yawancinsu 'yan cin rani ne daga ƙauyuka irin namu.

Alhassan bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba. Ya ci gaba da cinikin goro, da shanu, da fatu, da yadi, da hatsi, ya shiga harkar motocin sufuri da aikin gine-gine. Wajen 1950 yana cikin attajiran Kano da suka haɗa jari suka kafa kamfanin 'yan ƙasa domin gina masaƙar zamani a birnin. Ya gane cewa ƙasar da take sayar da ɗanyen kaya ta sayo sarrafaffe kullum tana ƙasa.

Gidansa da iyalinsa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun yarda a kan abu ɗaya, cewa shi mutum ne marar almubazzaranci. Dukiya ba ta sa ya bar sauƙin kai a ci da sutura ba, yana kuma duban ƙaramin kuɗi kamar yadda yake duban babba. Ya taimaki malamai da masallatai, ya biya wa mutane kuɗin hajji, yana ciyar da mabukata.

Gidansa ma wurin aiki ne. Matarsa Umma Zariya ita take riƙe da cinikinsa da matan da ke cikin kulle, inda namiji ba ya shiga. 'Ya'yansa kuwa bai bar su su zauna su jira gado ba. Ya sa su karatun addini, ya kafa makaranta domin su koyi boko da lissafi, tun suna samari kuma ya tura su ƙauyuka su zauna a bakin sikeli su koyi sana'ar daga tushe. Cikin waɗanda suka fi shahara akwai Ahmadu, da Sanusi, da Aminu wanda aka haifa a 1931.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, ya gargaɗe su su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada su bar kamfanin gidan ya wargaje bayan ransa. Ya san abin da yake tsoro, gama ya gani da idonsa tun yana ɗan shekara takwas yadda rabon gado yake mai da gidan madugu kango. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

'Ya'yan sun riƙe wasiyyar gwargwadon iko. Ahmadu ya shugabanci kamfanin har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa daga nan. Sanusi ya zama babban attajiri da kansa, ya rasu a 1997. Aminu ya yi tsawon rai, ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Ta wurin Mariya 'yar Sanusi aka sami Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya fara ciniki a 1977, ya gina masana'antun siminti da sukari, da matatar mai ta Legas wadda aka ƙaddamar a 2023. Abin da kakan mahaifiyarsa ya fara da masaƙa ɗaya, shi ya kai shi nesa.

Bayan dala ta rushe

Dalar gyaɗa ba ta daɗe sosai bayan mai ita ba. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Filayen da dala take tsaye a Kano sun zama gine-gine, yaranmu kuwa sai a hoto suke ganinta.

To, me ya rage mana a cikin wannan labari? Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sunan. Mutumin nan ɗan madugu ne, uwarsa attajira ce, ya gaisa da Sarkin Ingila, amma sunan da yake kan kamfanoni da motoci da tituna har wa yau na wata tsohuwar baiwa ne, wadda ba ta mallaki ko kanta ba. Ita ce ta karɓi yaron sa'ad da uba ya mutu, uwa ta yi nisa. Ba ta san abin da zai zama ba, ta dai ba shi tuwo da tarbiyya. Haka kuma dukiyarsa ta tsaya a kan hannuwan da ba a ƙidaya ba, na matar da ta ɓare gyaɗa a turmi, da yaron da ya kai kuɗi daji ya komo da su cif, da leburan da ya hau dala, da manomin da ya ɗaure buhu.

A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun zubar da jini mai yawa a ƙauyukan Batsari da Safana, sun kori mutane daga gonakinsu, sun bar mana gwauraye da marayu. Da yawa cikin yaran nan suna hannun kakanni mata da gwaggwanni waɗanda su kansu ba su da abin kai wa baki. Kowannenmu ya san irin gidan nan a unguwarsa. Muna roƙonku, in kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, a tuna da waɗannan tsofaffi, a auna musu nasu kwanon, a kuma tambayi ko yaran suna zuwa makaranta. Wanda yake da sana'a ya ɗauki maraya ɗaya ya koya masa. Wanda kuma yake riƙe da sikeli ko mudu a kasuwa ya auna daidai, wanda ya karɓi jarin wani ya mayar a ranar da ya faɗa, gama da wannan ne marayan Bebeji ya tashi.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba da tarihin wani. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa albarka a gonakinmu.